Akwatin Da Ke Yanke Sunan Mutane

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya haɗa mana manhajar aika kaya,
Titin Ibrahim Taiwo, Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah ya ƙara wa kamfani albarka. Ban rubuta sunanka ba, ban kuma rubuta na kamfaninka ba, domin gyara nake nema, ba tonon silili ba. Kai dai za ka gane kanka. Ni ma na san ka ko da ban taɓa ganin fuskarka ba, tunda tambarin kamfaninka shi ne abu mafi girma a kan allon kwamfutata, shi nake fara gani kullum na zauna aiki.

Sunana Rifkatu. A Sabon Gari nake zaune, a Fagge nake aiki, a wani ofishin aika kaya da ke bakin tasha. 'Yan kasuwa na kawo dilolin atamfa da shadda da yadi, mutanen gari na kawo kwalaye da ƙulle-ƙulle, ni kuma in buga takardar kowane kaya: wa ya aiko, wa zai karɓa, a wane gari. Takardar da na buga ita ake liƙa wa kayan, ita direba ke bi. Shekarata goma sha tara a kan kujerar nan. Direbobi da 'yan dako Anti suke ce min, har waɗanda suka girme ni.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin ta farko a wata mai kamawa, maigidanmu Alhaji zai zauna a kan maganata. Manajanmu, Malam Nasiru, ya kai masa takarda cewa idona ya gaza, a sallame ni cikin mutunci. A jikin takardar tasa an maƙala rahoton injiniyanku, wanda ya ce manhaja lafiyarta ƙalau, matsalar daga mai amfani da ita take. Mai amfani da ita a ofishinmu kuwa ni ce, babu wata. Alhaji mutum ne mai adalci, amma bai san kwamfuta ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Ya ce da ni, "Rifkatu, ni takarda na gani. Ki kawo min tasu da ta ce laifin na'urarsu ne, in yaga wannan a gabanki." To, wannan takardar nake nema a wurinka, kuma kwanakina sun ƙure.

Kada ka ce na yi gaggawar fitowa fili. Sau uku na hau adaidaita sahu na zo ofishinku. Na farko aka ce kana taro. Na biyu aka ce ka yi tafiya. Na uku, matar da ke zaune a bakin ƙofa ta ce ai ba sai na wahalar da kaina ba, a cikin manhajar akwai wurin rubuta ƙorafi. Na koma na nemo shi. Layi ɗaya ne tal, kafin in gama gaishe ku ya cika. Shi ya sa na nemi inda zan samu fili, na rubuto maka wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa.

Na ɗaya, abin da akwatin ke yi.

A fuskar manhajarku akwai akwatunan rubutu biyar: sunan mai karɓa, adireshi, gari, lambar waya, da yawan kaya. Idan tagar manhajar tana yadda kuka tsara ta, akwatin suna haruffa ashirin da biyu yake nunawa. Da bakin biro na ƙirga su, ba sau ɗaya ba. Idan na buɗe tagar ta cika allo, sai in zaci yanzu zai samu sarari ya miƙe ƙafa. Ina! Ko motsi ba ya yi. Duk filin da ya ƙaru, tambarinku ya kwashe rabi, sauran kuma ya tafi ga akwatin yawan kaya, wanda ba ya ɗaukar komai sai biyu ko sha biyar. Shi ne zai baje kamar tabarmar biki, lamba ɗaya na zaune a kusurwarsa ita kaɗai.

Idan kuwa na rage tagar ta koma rabin allo, nan ake yin ta. Kuma dole in rage, domin yawancin masu aiko kaya ta saƙon waya suke turo sunan mai karɓa, tagar saƙonnin tana ɗaya rabin, daga can nake dubawa in buga. Allo ɗaya gare ni, tsohon yayi, irin wanda faɗinsa da tsawonsa kusan ɗaya ne. Da na ja gefen tagar, wanda ke fara shan matsa shi ne akwatin suna: daga ashirin da biyu ya koma sha biyu. Tambari na nan daram, ko gezau. Akwatin gari da na lambar waya sai su zame su shige bayan gefen tagar, ba a ganinsu sam. Na adireshi kuma layi ɗaya ne, ba ya sauka ƙasa, alhali adireshinmu ba lamba da sunan titi ba ne. Namu shi ne bayan babban masallaci, layin masu markaɗe, shago na uku, in ba ya nan a tambayi ƙanensa.

A Zariya na koyi buga tafireta tun ina budurwa. A jikin tafireta akwai wani ɗan ƙarfe da kake turawa da yatsa, ka nuna mata inda layi zai fara da inda zai tsaya. Ƙarfe ne, ba shi da ƙwaƙwalwa, amma yana jin magana. Naku da aka ce mai ƙwaƙwalwa ne, na kama layin da ke tsakanin akwatunan da linzamin kwamfuta na yi ta ja har wuyan hannuna ya gaji, bai gusa ba.

Na biyu, yadda sunayen mutanenmu suke.

Duk wanda ya zana akwatin nan, ina kyautata zaton da sunan kansa ya gwada, kuma sunan nasa gajere ne. A Fagge farkon suna ba ya gaya maka komai. In ka tsaya a ƙofar ofishinmu ka ce "Alhaji!" layin gaba ɗaya zai waiwayo. In ka ƙara da "Muhammadu," kaɗan ne za su juya su ci gaba da harkarsu. Abin da ke raba mutum da ɗan'uwansa a wutsiyar suna yake: Mai Shadda, Mai Yadi, Ɗan Gusau, Na Bakin Kasuwa, Ƙarami. Na sauya sunayen da zan kawo a wasiƙar nan don sirrin masu su, amma tsawon bai canza ba. A cikin manhajarku ina da Alhaji Muhammadu Sani har bakwai. Ka ƙirga haruffan sunan nan da tazarar da ke tsakani, Ranka ya daɗe, za ka ga akwatin ya cika daidai wurin da mutum zai fara bambanta da sauran. Mutanen Sabon Gari ma ba su tsira ba, masu Cif da Fasto da Injiniya a gaba, sannan ga suna mai tsawo na biye.

Idan na fara buga suna, jerin waɗanda muka taɓa aika wa kaya na sauko min in zaɓa. Faɗin jerin faɗin akwatin ne. Layi bakwai, duk fuska ɗaya. In tagar na rabi kuwa, abin da nake gani shi ne "Alhaji Muham" tun daga sama har ƙasa. Sai in zaɓi ɗaya, in shiga cikin akwatin, in yi ta turawa har ƙarshen sunan in ga ko shi ne. In ba shi ba ne in goge in sake. A bayana ɗan dako na tsaye da dila a ka, wuyansa na rawa, a waje direba na danna hon yana cewa rana na yi.

Na uku, ba zama na yi na naɗe hannu ba.

Na fara kiran injiniyanku a waya. Ya ce abu mai sauƙi, in daina rubuta Alhaji da Hajiya, in fara da sunan kai tsaye. Na bi shawararsa mako guda. Abin da ya manta, duk abin da na buga shi ke fita a takardar da ake liƙa wa kaya. Wani dattijo a Talatar Mafara ya ga sunansa tsirara a jikin dilarsa, ya ƙi sa hannu, ya kira maigidanmu yana tambaya shin shekara nawa da ya sauke farali da wata mai buga takarda za ta tuɓe masa Alhaji. Ranar aka umarce ni in mayar wa kowa nasa. Kuma dattijon na da gaskiya. Ni ma da za a rubuto wa mahaifina wasiƙa babu Malam a gaba, ba zan ji daɗi ba.

Sai na juya sunayen, na riƙa sa laƙabi a gaba, Mai Shadda sannan Alhaji wane. Ni na samu sauƙi, amma ma'aikatanmu na sauran garuruwa, da ke duba manhaja ɗaya da ni, suka kasa gano mutanensu. Malam Nasiru ya hana. Na roƙi a ƙaro min allo na biyu, aka ce injiniya ya ce ba a buƙata.

Daga ƙarshe na sayi ɗan littafi na rubuta matsayin kowa a jerin. Na farko daga sama shi ne Ɗan Gusau, na biyu Ƙarami, na uku Mai Shadda, haka har ƙasa. Na haddace su kamar yadda na haddace hanyar gidanmu. Wata da watanni da wannan dabarar nake aiki, ba wanda ya sani, kaya na isa inda aka nufa. Abin da ban lissafa ba shi ne jerin ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na huɗu, kuskuren da na yi.

Wata Alhamis, bayan babbar Sallah da kamar mako biyu, wata mata ta kawo dilar ankon bikin 'yarta. Gusau za a kai, hannun ƙanen mijinta, Alhaji Muhammadu Sani Mai Shadda, teloli na can na jira. Alhamis ce ranar da ta fi kowace cika a wurinmu, domin kowa na son kayansa su tashi kafin Juma'a. Na buga sunan, jerin ya sauko, na danna na uku daga sama kamar kullum. Ban san cewa da safiyar ranar ma'aikacinmu na Mubi ya shigar da sabon Alhaji Muhammadu Sani, na takwas, ya zauna a layi na uku ya tura Mai Shadda da na bayansa ƙasa da layi ɗaya ba. Akwatin gari na ɓoye a bayan gefen taga. Takarda ta fito, ɗan dako ya fizga ya liƙa, dila ta hau motar Mubi.

Kafin a gano inda take, a sauke ta, a samu motar da za ta dawo da ita Kano, a sake ɗora ta zuwa Gusau, an ɗaura aure an kai amarya. Matan dangi kowa ta sa abin da ke cikin akwatinta. Uwar amarya ta dawo ofishinmu bayan biki. Na shirya wa zagi, na ma fi son ta zage ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Baiwar Allah, ita kaɗai ce 'yata." Na sauko daga kujera na durƙusa mata a gaban 'yan dako.

Ban zo in ce ba ni da laifi ba. Hannuna ne ya danna. Da na tsaya na tura har ƙarshen sunan, da na gani. Amma ina so ka tambayi kanka me ya sa mace mai shekara goma sha tara a kan aiki ta koma zaɓen mutane da ƙirgen layi, kamar mai lalube a ɗaki ba fitila.

Na biyar, zuwan injiniyanku.

Bayan abin ya faru Malam Nasiru ya kira ku, injiniya ya zo ranar Asabar. Mutum ne mai fara'a, ya gaishe ni da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa a nan ba. Ya zauna a ofishin manaja, ya ciro kwamfutarsa ta hannu mai faffaɗan allo, ya buɗe manhajar, ya buga suna a akwatin. Sunan da ya buga Musa Bala ne. Ya shiga har da ragowar fili. Ya juya allon ya nuna wa Malam Nasiru, su biyu suka gyaɗa kai. Na roƙe shi ya taso ya zauna a teburina, ya raba allon biyu yadda nake yi, ya buga sunan mutum ɗaya daga cikin Alhazan nan. Ya ce ba sai ya taso ba, manhaja ɗaya ce a ko'ina.

Da zai fita ya bi ta bayana, ya ga na matso da fuskata kusa da allo. Ya ce, "Anti, kin je an duba miki ido kuwa?" Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma Malam Nasiru na tsaye, kuma na ga lokacin da maganar ta shige shi. Injiniyan ya sha lemonsa ya tafi, bai cika minti ashirin a ofishinmu ba. Rahoton da ya rubuta daga wannan zaman shi ne yau ke riƙe da wuyana.

Na shida, maganar idona.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tunda gaskiya nake nema daga gare ka. Idona na hagu ya fara yin yana. Tun bara likita ya gaya min, ya ce a jira ta ɗan ƙara kafin a yi aiki. Ban faɗa wa kowa a ofis ba. Mijina da 'yata kaɗai suka sani. Yau ga shi na faɗa a bainar jama'a, kuma na san Malam Nasiru zai karanta ya ce ai dama ya faɗa.

To, ga yadda idona da akwatinku suke. Da tabarau, in na ƙara girman rubutun kwamfutar kaɗan, ina karanta komai tar. Saƙonnin waya ina karanta su, takardun direbobi ina karanta su. Amma a manhajarku, in na ƙara girman haruffa, su ne ke girma, akwatin na nan yadda yake. Haruffa sha biyun nan sai su koma takwas. Abin da ke saura a gabana shi ne "Alhaji M". Saboda haka kullum zaɓi biyu nake da shi: ko in ga haruffa sarai in rasa sunan, ko in ƙara samun haruffa huɗu in gan su dishi-dishi. Kuma ko an ba ni idon ɗan shekara ashirin, ba zan karanta abin da ba a nuna min ba.

Ka duba inda aka sa ni. In na yi ƙorafi a kan akwatin, a ce idona ne. In na yi shiru kuskure ya faru, a ce idona ne. In na rage gudu don in duba kowane suna har ƙarshe, layi ya taru har bakin titi, a ce tsufa ne. Tafiya kuma ba ni da inda zan je. Shekarata hamsin da huɗu. Shagunan buga takardu da na sani a Sabon Gari duk sun koma na sayar da waya. Mijina tsohon malamin firamare ne, ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku ke nan, ni nake juya shi kafin in fito, ni nake juya shi in na dawo. Daga kujerar nan gidanmu ke ci. Tsoro nake ji, Ranka ya daɗe, ban ga amfanin ɓoyewa ba.

Na bakwai, abin da ya faru a farkon watan nan, wanda ba ya cikin rahoton kowa.

Ranar Laraba Malam Nasiru ya ce in tashi, shi zai zauna a kujerata yini guda ya nuna cewa aikin ba wuya. Ni in tsaya a gefe ina miƙa takardu. Idonsa garau yake, ko tabarau ba ya sawa. Bai yi rabin awa ba ya raba allon biyu, domin ba yadda za a yi aikin sai haka. Na ga yana matso da fuskarsa kusa da allo. Na ci gaba da miƙa takardu.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wani malamin makaranta ya shigo da 'yar kular ƙanƙara. Na san shi. Duk Larabar farkon wata yake zuwa. Mahaifiyarsa na Nguru, tana da ciwon suga, allurarta yake saya a Sabon Gari ya jera cikin ƙanƙara ya aika mata, domin irin maganin nan zafi na lalata shi. Ya ajiye, ya faɗi sunan, ya fita da sauri zai koma aji. Sunanta Hajiya Fatsima Muhammad. Muna da su biyu. Ɗayar mai sayar da turare ce a Kwantagora. A rabin taga dukansu "Hajiya Fatsi" ne.

Daga inda nake tsaye ban ga allon sosai ba, ba zan ce na gani ba. Kunnena ne ya ji. Takarda ta fito, Malam Nasiru ya miƙa wa ɗan dako ya ce, "Motar Kwantagora."

Zan gaya maka abin da ban gaya wa mijina ba. Na yi shiru. Ɗan dako ya ɗauki kular ya nufi ƙofa, ni kuwa ina tsaye zuciyata na lissafi. In na kame bakina, gobe war haka ga shaidata ta fito da kanta: kuskure iri ɗaya, a akwati ɗaya, daga hannun mai lafiyayyen ido, kuma shi ne wanda ya rubuta takardar korata. Ba sai na sake hawa adaidaita zuwa ofishinku ba. Ba sai na rubuta wasiƙar nan ba. Allah ya gani, na so in yi shiru.

Amma na san muryar matar nan. Ban taɓa ganinta ba, sai dai duk wata in kular ta isa takan kira lambar ofis ta ce a gaya wa mai rubutu saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Ƙanƙarar cikin kular ba ta wuce yini guda. In ta tafi Kwantagora ta dawo, ruwan ɗumi za a kai wa tsohuwa. Ɗan dakon ya sa ƙafa ɗaya a waje na ƙwala masa kira na ce ya dawo da kular nan, ta Nguru ce.

Malam Nasiru ya buɗe tagar ta cika allo, ya ga garin, ya goge, ya sake bugawa. Ya ɓare takardar farko daga jikin kular, ya yayyaga ta ƙanana, ya zuba a aljihun rigarsa, ba a kwandon shara ba. Ya ce, "Ai na gani, ina shirin gyarawa ne." Da ya dawo daga sallar azahar ya ce in koma kujerata, yana da aiki a ciki. Takardarsa na nan a teburin Alhaji, ko wasali bai canza ba. Ɗan dakon ya ga komai, amma a hannun manaja yake samun lodi, ba zan sa shi a tsakiya ba. Malam Nasiru ma ban ɗauke shi mugu ba. Mutum ne da ya riga ya sa hannu a kan magana, yanzu kunya ta hana shi janyewa.

Da bakina na rushe shaida ɗaya tilo da na samu. Ban yi nadama ba. Amma na yi kuka a cikin adaidaita tun daga Fagge har ƙofar gidanmu, direban na ta ba ni haƙuri bai san a kan me ba.

Ga buƙatuna, Ranka ya daɗe.

Ka turo mutum ofishinmu ranar Alhamis, ba Asabar ba. Ya bar kwamfutarsa a mota. Ya zauna a kujerata, a gaban allona, ya raba shi biyu, ya aika kaya goma kacal zuwa ga Alhazan nan takwas, 'yan dako na tsaye a kansa. Abin da ya gani ya rubuta.

Sannan ku gyara akwatin. Ni ba injiniya ba ce, amma na san abin da nake so. A sa masa iyakar da ba zai ƙanƙance ya wuce ta ba komai matsin taga, iyakar da za ta ɗauki sunan mutum har laƙabinsa. In taga ta buɗe, ƙarin filin ya tafi ga suna da adireshi, akwatin yawan kaya ya zauna a ɗan wurinsa. In taga ta matse, tambarinku ya fara ja da baya kafin sunan mutum, gari da lambar waya kuma su sauko ƙasa inda za a gan su, ba su ɓuya ba. Adireshi ya riƙa sauka layi biyu ko uku. In na ƙara girman haruffa, akwatin ya girma tare da su. A jerin zaɓi a nuna garin kowa a gefen sunansa. In da hali, ku bar ni in ja layin da hannuna in ajiye shi inda ya dace da aikina, gobe in tarar da shi a wurin.

Ta ƙarshe ita ce ta gaggawa. Takarda mai ɗauke da tambarin nan naku, layi biyu sun isa, a ce akwatin suna na yanke sunaye idan an rage taga, kuma wannan daga manhaja ne. Ba na neman ku ce ban yi kuskure ba. Ku faɗi naku kawai, ni na riga na faɗi nawa. Ta isa hannun Alhaji kafin Litinin ɗin nan.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya buɗa wa kamfaninka, ya tsare maka idonka har tsufa, ya kuma sa ranar da ƙarfinka ya fara raguwa ka samu wanda zai taso ya zauna a kujerarka ya duba kafin ya yanke maka hukunci.

In kuma lauyoyinku sun hana ka rubuta layi biyun nan, na fahimta, kowa na tsare abincinsa. To, ka bar maganata, amma don Allah ku faɗaɗa akwatin kafin watan ya kama. Litinin za a yanke hukunci a kaina. Laraba malamin nan zai shigo da kular mahaifiyarsa, ya ajiye, ya fita da sauri. Ranar ba lallai ne ina tsaye a bayan kujerar ba.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Rifkatu, mai buga takardar kaya,
Fagge, Kano.